Tuta a Watan Nuwamba

Pekela, Nuwamba

Yaya Renske,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya ke da 'yarki Imke. Mu nan lafiya lau, sai kafaɗar Gwaggo Hillie da har yanzu ba ta barinta ta ɗaga ko butar shayi. Zan taƙaita gaisuwa, don akwai abin da na gani da safiyar Talata da ya tsaya min a rai.

Mun shigo layinku da motar shara gari bai gama wayewa ba, Freek na tuƙi, ni ina rataye a baya kamar kullum. Tun daga kwana na hango tuta a saman ƙofar mahaifiyarki, da jaka tana lilo a bakin sandar. Na ɗauka idona ne. A watan Yuni aka san wannan, in yaro ya ci jarrabawar gama makaranta a fito da tuta a rataye masa jakarsa kowa ya shaida. Amma Nuwamba? A layin da babu ɗan sakandare ko ɗaya? Ba wanda zai wuce bai waiwaya ba.

Da muka matso na gane jakar. Koriyar nan ce da kika saka wa Gwaggo rigar sanyi a ciki kika aiko. Sunan makarantarku na jikinta, a ƙasa kuma an rubuta Eindhoven da manyan baƙaƙe farare.

Na ja kwandon sharar Gwaggo zuwa bakin ƙofa, na hau kansa, na sa wuƙa na yanko jakar. Ina saukowa ta fito da rigar barci.

"Eppo! Me kake yi a kan kwandona?"

"Gwaggo, jakar nan ba za ta wuni a nan ba."

"Mayar min da ita, ɗan banza. 'Yata ta ci jarrabawa. Shekara nawa ina kallon tutar mutane? Gidan Drenth sau uku suka fito da tasu, har da sakaran ɗan nan nasu da ba ya iya ɗaure takalmi."

Na nuna mata rubutun, na ce ta karanta. Ta ce ta iya karatu tun ba a haife ni ba. Freek ya danna hon ya leƙo, wai ko mu kashe mota mu jira a yanka kek. Ita kuwa ta fashe da kuka a bakin ƙofa, ta ce in ɗauki sharar da aka aiko ni ɗauka in bar mata abin da ba shara ba. Tutar na bar mata. Jakar tana wurina.

A bakinta na ji kin ci, don haka ina taya ki murna. Ban san me ake tambaya a jarrabawar kwamfuta ba, amma na san ba a banza kika same ta ba.

Ba ni zan tuna miki abin da ya sa muke rubutu a takarda kamar mutanen da ba. Ta wayarki mijinki Roelof ya bi sawunki har ƙofar gidan mafakar mata na farko, kuma kin san yadda aka ƙare. Ban san tsawon lokacin da jakar ta yi a sama kafin mu iso ba. Don Allah ki gaya wa matan da ke kula da gidanku, su suka san abin yi.

Ƙaninki,
Eppo

Inda nake, farkon Disamba

Eppo,

Muna lafiya. Imke ta yi mura ta warke, haƙorinta na gaba ya fita, yanzu magana take yi da fito. Ka gaida Freek.

Takardarka ta daɗe a akwatin gidan waya kafin a ɗauko mana, kuma da ma can ta zauna.

Ka hau kwandon shara ka yanke min jaka. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Shekarata talatin da uku, Eppo. Yunin da 'yan ajinmu suka gama, ni ina suyar dankali a shagon bakin ruwa, kullum sai na bi ta ƙarƙashin tutocinsu ina warin mai. Baba ya ce karatu ba na irinmu ba ne, Mama ba ta ce uffan ba. Yanzu matar nan ta tuna tana da 'ya, ta fito min da tuta ita kaɗai a cikin sanyi, kai kuma ka zo da wuƙa.

Ka ce ba ka san me ake tambaya ba. Bari in gaya maka abin da aka ci. Mu goma sha biyu muka fara, duk mata irina, bakwai muka gama. A teburin kicin na gidan nan na yi karatun, da kwamfutar aro, 'ya'yan mutane na kuka a kaina. Da yatsu takwas na koyi bugawa, ka san abin da ya sami sauran biyun. Yanzu wani kamfani ya ɗauke ni gwaji na wata uku. Suna yin manhajar da asibitoci ke tsara ganin likita da ita, aikina in nemo inda za ta karye kafin ta isa hannun mutane. Malamarmu ta ce ba ta taɓa ganin mai hango matsala tun kafin ta iso kamar ni ba. Na ce mata a gidan miji na koya.

In na wuce gwajin, aikin ya zama nawa, kuma za a ba mu ɗaki namu ni da Imke, da makullinmu a aljihu.

Ba zan gaya wa matan gidan nan komai ba. Ka san dokarsu? Da zarar sun yi zargin an san garin da kake, ranar za su kwashe ka zuwa wani lardi. Haka suka yi wa Dilek 'yar ajinmu ana gab da jarrabawa, don wani ɗan uwan mijinta ya gan ta a tasha. Yanzu tana can wani wuri tana goge bene. Ba su da laifi, ranta suka tsare, amma ni ba zan goge bene saboda jaka ba.

Eindhoven ba Pekela ba ce da kowa ya san abin da kowa ya dafa. Sannan alƙali ya hana Roelof taka layin Mama. Wanda ba ya bin layi, a ina zai ga tuta?

Na san kai ma ba a taɓa rataye maka ba. Amma ba ni na hana ka ba, kuma ban ɗauka abin zai ci maka rai har haka ba. Ka mayar wa Mama jakarta.

Renske

Pekela, Disamba

Yaya Renske,

Na ji daɗin jin Imke ta warke. Ki ce mata ta adana haƙorin in gani. Nan sanyi ya sauka sosai, hannuna duk ya tsage, ban da haka lafiya.

Gaskiyarki, ba a rataye min ba. Jakata ma ban san inda ta ƙare ba. Amma da ina jin haushin masu tuta, da a watan Yuni ba na iya fita aiki. Na bar wannan maganar a nan.

Abin da ke damuna daban ne. Ni dogo ne, kin sani, amma da na hau kwandon nan da ƙyar yatsuna suka kai bakin sandar. Gwaggo ba ta iya taje gashinta da hannun dama. Tsani kuma babu a gidan tun da aka sayar da kayan aikin marigayi babanki. To wa ya hau?

Ga kuma ɗaurin. Ba igiya ba ce, ba zare ba. Baƙar robar nan ce da masu aikin lantarki ke ɗaure wayoyi da ita, wadda in ka ja ba ta kwancewa sai da wuƙa. Guda biyu aka sa, aka datse bakinsu tsaf.

Ran Lahadi na je gaishe ta. Ta daɗe ba ta kalle ni ba, daga baya ta zuba min miyar wake. Famfon kicin ya daina ɗiga. Ƙwan fitilar baranda da ya mutu tun bazara an canza shi, kuma a rufi yake. A wurin shanya kwanuka na ga kofi biyu, ɗaya babban nan na babanki da ba ta bari kowa ya taɓa.

Na ce, "Gwaggo, wa ya hau miki tutar?"

Ta ce, "Mutanen kirki ba su ƙare ba."

"Wane ne a cikinsu?"

"Sha miyarka, tana hucewa."

Ban kira sunan kowa ba, Yaya. Masu aikin lantarki suna da yawa a lardin nan. Abin da na gani kawai na faɗa miki, ke kika fi ni iya hango inda abu zai karye.

Lambar gaggawa ta gidanku da kika ba ni tun farko tana nan a walat ɗina. Tunda kin hana, ban kira ba. Aikinki ne, zamanki ne. Amma jakar ba zan mayar ba, ko za ki daina rubuto min.

Eppo

Inda nake, ana gab da Kirsimeti

Eppo sarkin bincike,

Lafiyarmu ƙalau. Ka shafa wa hannunka mai, ka daina yin kamar ba jikinka ba.

Wato yanzu kofunan Mama kake ƙirgawa. Ka fito fili mana, ka ce uwata ta sayar da ni a kan famfo. Matar da ta zauna a asibiti tana riƙe da hannuna ranar da aka ɗaure yatsun nan, ita za ta ba Roelof kofin Baba? Maƙwabta ba su mutu ba, kowa na iya canza mata ƙwan fitila. Da na fara karanta takardarka sai da na jefar da ita ƙarƙashin gado.

Aiki yana tafiya. Ina da tebur a bakin taga, da kati mai hotona da ke buɗe ƙofa. Ranar farko na shiga na fita har sau uku don kawai in ji ƙarar buɗewar. Abin da ba na so shi ne in baƙi suka zo, sai manaja ya biyo da su ta wajena ya ce, ga Renske, daga shirin nan na mata muka samo ta. Su yi min murmushi kamar kyanwar da aka tsinto a kwata. Nakan yi murmushi ni ma. In wata ukun ta cika, sai mu ga wanda zai ci gaba da yi.

Amma na huce da kai, kuma ka san dalili. Sabuwar yarinyar da ke karɓar baƙi a makarantarmu ta tare ni da fara'a, ta ce ƙanena ya bugo waya, yana so ya ba ni mamaki ranar da za a raba mana takardun shaida, ya tambayi rana da zaure ta gaya masa. Ta ce kar in nuna na sani. To ni wane ƙane gare ni in ba kai ba? Ɗan iska, ashe kana da zuciya. Ka yanke min jaka, sannan ka lallaɓo ta baya za ka zo ka tafa min.

Na yafe. Juma'ar farko bayan hutu, ka dai riga ka sani. Ka sa rigar kirki, kar ka zo min da rigar nan taka ta aiki mai launin ruwan lemo. Imke ce za ta riƙe furanni, ta ce kai za ka ɗaga ta ta gani. Zan yi kamar na yi mamaki.

Yayarka,
Renske

Pekela, Janairu

Yaya Renske,

Ina fata wannan ta same ku lafiya, a duk inda aka kai ku.

Ba ni na bugo ba. Ban san lambar makarantarku ba, ban san ma za a yi biki ba.

Takardarki ta maƙale a cunkoson hutu, sai ran Laraba na same ta, bikin kuma jibi. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Babu takardar da za ta isa gare ki kafin Juma'a, don haka na ciro lambar na kira. Na gaya musu tuta, da jaka, da wayar da aka buga. Matar ta yi min tambaya biyu ta ce na gode ta ajiye. Na san abin da na ja miki. Kin hana ni, na yi.

Daga nan na wuce gidan Gwaggo, na same ta tana fere dankali.

Na ce, "Roelof ne ya rataye jakar."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To sai me?"

Tun bazara yake zuwa, Yaya. Ta ƙofar baya da farko, daga baya ya daina ɓuya. Ranar da katinki ya zo kin ci jarrabawa, ita ta kira shi da kanta. Da asubar Talata ya zo da motarsa da tsaninsa kafin ya wuce aiki.

Ta ce, "Ya canza, Eppo. Ya daina sha. A kujerar nan ya zauna ya yi kuka kamar yaro."

"Ya karanta jakar?"

"Cewa ya yi jaka mai kyau. Ya ce shi da ma ya san Renske tana da kai."

"Gwaggo, ya bugo makarantarta. Ya ce shi ƙaninta ne. Ya san zauren, ya san ranar."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Na ɗauka za ta yi kuka, sai ta juyo kaina.

"Kai da kake da baki, sau nawa ka shigo gidan nan? Ran Talata ka ɗauki sharata ka ɗaga min hannu ka wuce. Renske kuma kati take aiko min ba adireshi, kamar ni ce ɓarauniya. Wata nawa famfon nan yana ɗiga? Wa ya tambaya? Tutar nan tun Renske na 'yar goye babanta ya saye ta, ba a taɓa warware ta ba. Sau ɗaya na so in yi abin da kowace uwa ke yi a layin nan, ban da hannun da zan ɗaga. Wa kake so in kira?"

Na ce ta zo mu je wurin 'yan sanda ta faɗi cewa Roelof ya taka layin da aka hana shi. Ta ce uban Imke ne, ba da bakinta za a rufe shi ba, kuma ai ita ta kira shi, sai dai a rufe su tare. Ta ci gaba da fere dankalin da ta riga ta fere.

Ba na tsammani ta san abin da ta yi sai ranar. Ban ce ki yafe mata ba, ban ce kar ki yafe ba. Ki dai sanar da ni kuna raye.

Eppo

Wani wuri, ƙarshen Fabrairu

Eppo,

Muna raye. Imke ta koma fitsarin kwance, ban da haka ba mai ciwo.

Daga ofis suka ɗauke ni, ko kofina ban wanke ba. Imke kuma daga aji, ba ta yi sallama da kowa ba. Kayanmu a baƙar leda suka biyo mu. Nan ƙauye ne, daga taga ba abin da ake gani sai gona da shanu.

Kamfanin sun yi min takarda mai daɗi. Sun ce ba a yin gwaji daga nesa, suna min fatan alheri, ƙofarsu a buɗe take in al'amurana sun daidaita. Teburina an ba wata daga cikinmu, Joke, mai 'ya'ya uku. Ta cancanta, kuma ba na son jin sunanta. Takardar shaidata a ambulan ta zo, an lanƙwasa gefenta.

Ran bikin an ga farar mota da tsani a samanta a tsallaken zauren, tun kafin a buɗe ƙofa har aka watse. Wato kai ne da gaskiya. Na san ya kamata in ce na gode. Na ɗauki biro don in rubuta, hannuna ya ƙi. Duk lokacin da na tuna ka, katin nan nake tunawa da ƙarar buɗewar ƙofa.

Lauyata ta yi min bayani. Zama a mota a bakin titi ba laifi ba ne, wayar da aka buga kuma ba a iya tabbatar da mai ita ba. Layin Mama ne kawai aka hana shi. In da wanda ya gan shi a can da idonsa kuma zai faɗa, alƙali zai iya sa a ɗaura masa abin nan na ƙafa da ke nuna duk inda ya taka, a shata masa iyaka, ni kuma in koma Eindhoven in sake neman gwaji. 'Yan sanda sun je, Mama ta ce ba ta tuna wanda ya hau ba. Robarka da kofunanka ba shaida ba ne. Don haka shi yana kwana a gadonsa, ni ce mai ƙaura.

Sun bar min kwamfutar aron. Wasu mata biyu a nan sun ga ina bugawa suka ce in koya musu. Ina koya musu da rana in yara sun tafi makaranta. Ɗayar ta tambaye ni ko da gaske ana samun aiki da shi. Na ce ana samu. Ban ƙara komai ba.

Kar ka ba Mama labarina. Kai ma ka ɗan dakata da rubutu, sai dai in kana da abin da ya fi haƙuri.

R.

Pekela, Afrilu

Yaya Renske,

Ina gaishe ku. Na dakata kamar yadda kika ce. Gwaggo tana nan, ta rame, ba ta buɗe min ƙofa. Ni lafiya.

Tun da na sami takardarki nake bin layinku gida gida. Ba lokaci ɗaya ba, don mutanenmu in ka zo musu da tambaya a tsaye sai su rufe ƙofa. Duk Talata in na mayar wa mutum kwandonsa sai in tsaya mu taɓa maganar sanyi da ruwan sama, sannan in kawo ta tuta. Kowa ya ga tutar, wasu har dariya suka yi. Wanda ya hau kuwa, ba wanda ya gani. Drenth ya ce barci yake. Matarsa ta ce Roelof ne ya gyara musu wutar gareji kyauta, kuma ita ba ta shiga tsakanin miji da mata. Freek ya ce in na ci gaba da hira da kowane kwando, zai nemi a canza masa yaron mota.

Gida ɗaya na tsallake, na tsohuwar nan ta tsallaken titi da ke wuni a taga, wadda muke kira Mujiya muna yara. Ban taɓa jin ta yi wa kowa magana ba. Talatar da ta wuce ina ajiye mata kwando ta ƙwanƙwasa gilashi ta yafito ni.

"Kai, mai hawa kwandon mutane kamar akuya. Kowa ka tambaya ban da ni. Ko mujiya ba ta gani ne?"

Kunya ta kama ni. Ta ce tana jin mu tun muna yara, tagarta ba ta da kauri.

Ta gan shi, Yaya. Ta ce a kan dakalinta ya faka motar, ya taka mata tukunyar fure, shi ya sa ta tashi. Ta ga ya sauke tsani, ya hau, Gwaggo ta miƙa masa tuta sannan jaka. Ta ce kafin ya ɗaure ya tsaya a saman tsanin ya juya jakar wajen fitilar titi, ya ciro waya ya ɗauke ta hoto. Ta tuna Talata ce, don bayan tafiyarsa ba da daɗewa ba ta ga ni ma na hau.

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce 'yan sanda ƙofar Hillie suka buga, ba tata ba, kuma ita ba ta bin mutane da labari.

Na gaya mata gaskiya, cewa za a kira ta gaban alƙali, Roelof zai san ita ce, kuma Gwaggo ba za ta sake gaishe ta ba. Ta ce Hillie da ma ba ta gaishe ta, shi kuma har yau bai ce mata komai a kan tukunyarta ba. Ta ce ƙafarta ba ta kai ta tashar bas, sai dai in zo in ɗauke ta, kuma ba a motar shara ba.

Ban san ko wannan zai dawo miki da teburinki ba. Wataƙila ba zai dawo ba. Kuma ki sani in ta yi magana, dole sunan Gwaggo ya fito, cewa ita ta miƙa masa jakar da hannunta. Ban kai maganar ko'ina ba, na bar miki, ke za ki ce a yi ko a bari.

In kin ce a yi, ga abin da za ki ba lauyarki. Sai da na tambaye ta, don duk shekarun nan ban san sunanta ba. Gida mai koren ƙofa, daidai tsallaken na Gwaggo. Sunanta Aaltje Boelens.

Eppo